Tabarmar kaba: me ya sa ta fi ta roba sanyi?

Yau hirarmu a kan tabarma ce.

Kwanan baya na je gida Gwarzo, lokacin zafin bazara. Na shimfiɗa tabarmar roba a tsakar gida, ko minti 10 ban yi ba bayana ya jiƙe sharkaf. Kakata ta yi dariya, ta ce, "Ɗan nan, jawo ta kabar can." Wallahi ina kwanciya na ji bambanci.

To mene ne sirrin? Kaba ganyen goriba ne tun tana ƙarama. Ganye kuwa yana shan gumi, iska kuma tana ratsa saƙar. Roba ba ta shan komai, zafi kawai take riƙewa, in rana ta dake ta kuma sai ta fara karyewa.

Ga yadda ake yin ta. A yanko kaba, a shanya ta bushe, a tsattsaga siri-siri. Wadda za a yi ado da ita sai a rina, da can da karan dafi ake samun ja, yanzu galura ta yi yawa. Kafin saƙa ana yayyafa mata ruwa don ta yi laushi. Ba a saƙa tabarma gaba ɗaya, doguwar saƙa ake yi mai faɗin kamar tafin hannu, sannan a jera a ɗinke gefe da gefe, a kashe baki.

In za ka saya a kasuwar Getso ko Garo ta ƙasar Kabo, ɗaga ta ka duba a rana. In haske yana wucewa sosai, saƙar ba ta matsu ba. Ka ja wurin ɗinkin ka gani, ka duba bakin. A gida kuma kar ka naɗe ta da danshi, ka jingine ta nesa da gara.

Abin da ke damuna shi ne, masu saƙar yawanci tsofaffi ne, mu kuma mun koma roba da kafet. In ba mai saye, wa zai koya? Kuɗin tabarma ɗaya cefanen wani gida ne a ƙauye.

Ni dai na sayo biyu. Ku fa, akwai ta kaba a gidanku? Ku faɗa mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, na bar ku lafiya.