Abin da ɓeraye suka koya wa likitoci game da ciwon jijiya na masu sukari

Kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da lalacewar jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa idan ciwon ya daɗe a jikinsu. Daga yatsun ƙafa abin yake farawa, domin jijiyoyin da suka fi tsawo su ne ke fara gazawa, sannan ya riƙa hawowa zuwa idon sawu da ƙwauri, daga bisani ya taɓa yatsun hannu. Wasu ƙafar ce ke mace musu, su taka ƙusa ba su sani ba, raunin ya zama gyambo, gyambon ya kai ga yanke ƙafa. Wasu kuma, wajen mutum ɗaya cikin biyar, raɗaɗi da suka ne ke hana su barci, har ta kai ko mayafi ya taɓa ƙafar sai su ji zafi. Akwai ma wanda ke fama da duka biyun: ƙafa ba ta jin taɓi, amma tana zogi.

Bin diddigin wannan lalura a jikin mutum yana da wuya, saboda takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, kuma ba a yanko jijiyar mai rai a duk lokacin da aka ga dama. Shi ya sa mafi yawan abin da aka sani game da yadda sukari ke cin jijiya, daga ɓerayen ɗakin gwaji aka samo shi.

Matakin farko shi ne sa wa ɓera ciwon. A 1943 masu bincike a Gilasgo ta Sikotland suka gano cewa sinadarin aloksan yana kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin a jikin zomaye. A 1963 aka bayyana cewa wani sinadarin, wanda ake taƙaita sunansa da STZ, yana yin irin wannan aikin. Daga wata ƙwayar halitta mai zama a cikin ƙasa aka samo shi, kuma tun asali maganin ƙwayoyin cuta ake nema da shi. Allura ɗaya takan wadatar: cikin kwanaki kaɗan sukarin jinin ɓeran ya haura, ya riƙa yawan shan ruwa da fitsari, ya rame. Wannan ya yi kama da nau'in ciwon sukari na ɗaya. Nau'i na biyu kuwa, wanda shi ne a jikin mafi yawan majinyata, ana kwaikwayonsa da ɓerayen da suka gaji ƙiba, irin su db/db da aka bayyana a 1966 daga cibiyar Jackson ta jihar Maine a Amurka, ko kuma a yi ta ciyar da lafiyayyun ɓeraye abinci mai maiƙo na tsawon watanni.

Sauran aiki shi ne gane ko dabbar tana jin ciwo, tunda ba ta magana. Dabarar da ta fi yaɗuwa ta samo asali daga Maximilian von Frey, masanin aikin jiki da ya yi amfani da gashi mai kauri daban-daban wajen gwada fatar mutum a ƙarshen ƙarni na 19. A yau siraran zaren roba ake amfani da su. Ana ɗora ɓera a kan raga, a riƙa dungurar tafin ƙafarsa daga ƙasa, a ga wane zare ne zai sa ya janye ta. Mai ciwon sukari yakan janye ƙafa daga taɓin da lafiyayye ba zai kula da shi ba. Jikan wannan zaren ne likita ke dannawa a tafin ƙafar majinyaci a asibiti, kuma da irinsa ake duba masu kuturta. Akwai kuma gwajin Hargreaves na 1988, inda ake haska ɗumi a tafin ƙafar a ƙirga daƙiƙoƙin da za ta yi kafin ta ɗaga. A makonnin farko wasu ɓerayen sukan ɗaga da wuri, idan ciwon ya daɗe kuma sai su riƙa jinkiri, alamar jin ya fara dusashewa. Bayan haka ana auna saurin tafiyar saƙo a babbar jijiyar cinya, a kuma ƙirga ƙananan rassan jijiya da suka rage a fatar ƙafa.

Daga waɗannan gwaje-gwaje aka fahimci cewa ɓarnar ba ta hanya ɗaya take zuwa ba. Jijiya ba ta jiran insulin kafin ta shigar da sukari, don haka idan ya yi yawa a jini sai ya cika ta. Wani ɓangarensa yakan koma sinadarin sobitol ya taru, wani ya manne wa sinadaran gina jiki ya ɓata su. Ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar sukan ƙuntata, iskar da take samu ta ragu. A 2012 masu bincike a Jamus suka nuna cewa wata guba da ke fitowa daga sarrafa sukari, metilgilayoksal, tana sa jijiyoyin jin zafi su riƙa aika saƙo da ƙaramin dalili. An kuma ga cewa ita kanta lakar gadon baya, wadda ya kamata ta tace saƙon zafi kafin ya isa ƙwaƙwalwa, takan sassauta wannan aikin. Wannan yana cikin bayanin yadda ƙafar da ta mace ke ci gaba da zogi.

Sai dai da aka zo wajen magani, nasara ta yi ƙaranci. Magungunan da ke hana taruwar sobitol sun gyara jijiyar ɓera sosai, amma a jikin mutane ba su taka rawar gani ba. An janye ɗaya daga cikinsu, tolrestat, daga kasuwa saboda illa ga hanta, wani kuma, epalrestat, a Japan da wasu ƙasashen Asiya kawai ya samu karɓuwa. Wani sinadari kuma da ke sa jijiya tofo, wanda aka ɗora wa dogon buri, ya faɗi a babban gwajin da aka wallafa sakamakonsa a 2000.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ɓera ba ya wuce shekara biyu zuwa uku a duniya, gwaji kuma yakan ƙare cikin watanni, alhali jijiyar mutum ta shafe shekara goma ko ashirin tana shan wahala. Jijiyar ƙafar mutum tana iya kai mita guda, ta ɓera kuwa 'yan santimitoci ce. Sau da yawa ana fara ba ɓera magani tun ciwon yana sabo, shi kuwa majinyaci sai ɓarna ta yi nisa yake zuwa asibiti. Babban giɓin ma shi ne, janye ƙafa daga zare ba ɗaya yake da raɗaɗin da ke tashin mutum tsakar dare ba tare da an taɓa shi ba. Domin rage wannan giɓi, masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka fito a 2010 da ma'aunin karanta ciwo a fuskar ɓera, ta yadda yake runtse ido da yadda kunnuwa da gashin bakinsa ke sauyawa. Daga wannan jami'ar kuma aka gano wani abin mamaki a 2014: ƙanshin jikin namiji mai gwaji yana tsorata ɓera har ya rage nuna ciwo. An kuma daɗe ana amfani da mazan ɓeraye kusan su kaɗai, alhali kuwa hanyoyin ciwo sukan bambanta tsakanin mace da namiji.

A jami'o'in Nijeriya ma ana yawan sa wa ɓeraye ciwon da aloksan ko STZ domin gwada tsirrai kamar zogale da shuwaka da darbejiya. Aiki ne mai amfani a matsayin matakin farko, amma saukar sukari a jikin ɓera ba hujja ba ce ta cewa an samu maganin mutum.

Magungunan da likitoci ke bayarwa a yau, irin su amitiriptilin, duloksetin, gabapentin da piregabalin, zafi kawai suke ragewa, ba sa mayar da jijiyar da ta lalace, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Abin da ya fi tabbata shi ne rigakafi. Babban binciken da aka wallafa a 1993 a kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya a Amurka da Kanada ya nuna cewa tsananta kula da sukarin jini ya rage aukuwar lalacewar jijiya da kusan kashi 60 cikin 100. A nau'i na biyu amfanin hakan bai kai haka ba, shi ya sa ake haɗawa da rage ƙiba, motsa jiki, kula da hawan jini da kitsen jini, da duba ƙafa kullum.