Motar Gudu Da Doguwar Hanya: Abin Da Tenere Ta Nuna Wa Masu Porsche

Kowace shekara idan lokacin hutu ya zo a ƙasashen Turai, akan sami mutanen da ke ɗaure kaya su kama hanya zuwa wata ƙasa da mota, ba don fatauci ko ziyarar dangi ba, sai don daɗin tuƙin kansa. Motar da irin waɗannan mutane suka fi kwaɗayi ita ce motar gudu, wato ƙaramar motar nan mai ƙofa biyu da kujera biyu, wadda cikinta ke kusa da taɓa ƙasa, injinta kuwa ya fi ƙarfin jikinta. Kafin su tashi sukan daɗe suna shawara a kan wadda za su saya ko su yi haya, domin motar da ta yi wa mutum daɗi cikin awa guda ba lalle ba ne ta yi masa daɗi cikin kwana ashirin.

A kan kwalta ma maganar tana da wuya. Mazda MX-5, wadda Japanawa suka fitar a 1989, kuma aka ƙera fiye da miliyan guda daga cikinta, ana yabonta da sauƙin sarrafawa a hanyar duwatsu mai yawan kwana. Amma ma'ajin kayan ta yanzu lita 130 ne kawai, wato ƙananan jakunkuna biyu, tankinta kuma lita 45. Wanda ya ɗauke ta tare da maiɗakinsa zuwa tafiyar mako uku, tun a ƙofar gida za a fara gardamar abin da za a bari. Saboda haka ne tun da daɗewa Italiyawa suka ware wani jinsi da suka kira gran turismo, wanda ake taƙaitawa da haruffa biyu, GT: mota mai gudu, amma mai kujera mai laushi da wurin kaya da babban tanki, wadda aka yi domin a wuni a cikinta.

To amma inda aka gwada wannan zaɓi gwaji mafi tsanani ba a Turai ba ne. A arewacin Nijar ne, tsakanin iyakar Aljeriya da Agadas da Kawar, kuma akwai dattawan da suka gani da idonsu.

Asalin abin daga wani Bafaranshe ne mai suna Thierry Sabine. A 1977 ya shiga tseren Abijan zuwa Nis a kan babur, ya ɓace cikin hamadar da ke wajen iyakar Nijar da Libiya, sai da ƙyar aka tsamo shi da rai. Maimakon ya yi rantsuwar ba shi ba hamada, sai ya koma gida ya shirya tsere nasa. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka bi ta Alje da Tamanrasset da Agadas da Yamai da Gao da Bamako, 74 ne kaɗai suka ga tekun Dakar. A shekarun farko kowa da abin da ya kawo. Wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun zo da ƴar ƙaramar Renault 4 sun kunyata manyan motoci. A 1981 har an ga wata mai siffar Rolls-Royce, ko da yake wanda ya leƙa ƙarƙashinta ya san ƙashin Toyota ne aka yi wa riga. Amma hankalin kowa ya tsaya a kan cewa hamada ta manyan motoci ce masu tsawo irin su Range Rover da Toyota da Mercedes.

Wanda ya karya wannan magana ɗan ƙasar Beljiyam ne, Jacky Ickx, direban da ya ci tseren awa 24 na Le Mans har sau 6. A 1983, shekarar da aka fara ratsa Tenere kuma guguwar rairayi ta ɓatar da ƴan tsere wajen 40, shi ne ya zo na ɗaya da Mercedes 280 GE, babbar mota mai nauyi. Ya ci, amma ya lura da wani abu: a shimfiɗaɗɗen filin Tenere babbar mota tana ɓata lokaci ne wajen jan jikinta, kuma nauyinta ne ke nutsar da ita a rairayi. Sai ya tafi wurin kamfanin Porsche na Jamus, wanda ya daɗe yana yi wa tuƙi, ya ce a ba shi 911, motar gudu da attajirai ke yawon shan iska da ita. Mutane da yawa sun ɗauki abin wasa.

Ickx bai ɗauki motar yadda take a kanti ya kama hanya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Injiniyoyin kamfanin sun zauna sun duba abin da hanyar ke bukata, suka gyara motar a kan haka.

Da farko tsawo. Motar gudu ta kanti, tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa ba ta kai santimita 15 ba, saboda a kan kwalta kusanci da ƙasa shi ke hana ta tangaɗi a kwana. A hanyar Assamaka zuwa Arlit kuwa, dutse guda ya isa ya fasa mata tukunyar baƙin mai, injin ya ƙone kafin direba ya ankara. Aka ɗaga ta sama, aka yi wa cikinta sulke, aka kuma ba kowace ƙafa damar hawa da sauka wajen santimita 27, domin ta shanye gargadar hanyar nan mai haƙarƙari wadda ke kwance ƙusoshin mota ɗaya bayan ɗaya. Sannan aka sa ƙafafun huɗu duka suna ja, alhali 911 ta wancan zamani ƙafafun baya kaɗai ke tura ta.

Abu na biyu shi ne ya fi ba masu son gudu mamaki: ba a ƙara wa injin ƙarfi ba, rage masa aka yi. Injin motar gudu yana matse mai da iska matsi mai tsanani kafin ya kunna su, kuma irin wannan matsi sai da mai mai kyau ƙwarai. Man da ake samu a garuruwan hamada, wanda ya sha tafiya a cikin duro, idan aka matse shi haka yakan kama da wuta kafin lokacinsa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa har ya lalace. Don haka aka sassauta matsin, injin mai silinda 6 ya tsaya a ƙarfin doki 225. Injin na 911 kuwa iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba, kuma a bayan mota yake, inda nauyinsa ke danne ƙafafun baya su kama ƙasa.

Na uku mai. Tsakanin Agadas da Dirku akwai kilomita fiye da 600 babu gidan mai, kuma mota a cikin rairayi mai laushi takan sha fiye da abin da take sha a kwalta nesa ba kusa ba. Aka sa tanki mai lita 120 a gaba inda ake ajiye kaya, wani mai lita 150 a bayan kujerar direba. Wato mutanen da ke ciki zaune suke tsakanin lita 270 na mai, da taswira da ruwan sha da tayoyin canji, babu wurin ko jaka guda ta tufafi. Wanda ke tunanin daɗin tafiya, to ga irin daɗin.

Motoci uku aka kawo a watan Janairu 1984. Tun a kwanakin farko wayoyin wutar motar Ickx suka kama da wuta, ya koma na 139. Aka gyara, ya yi ta bin sahu yana wuce mutane har ya gama a na 6. Wanda ya ci shi ne René Metge, Bafaranshe, tare da mai nuna masa hanya Dominique Lemoyne. Metge ya riga ya ci a 1981 da Range Rover, ya san hamada, kuma ya san cewa wanda ya kai da motarsa lafiya ya fi wanda ya yi gudu ya tsaya. Wannan ne karo na farko da motar gudu ta ci tseren.

Sai dai akwai abin da hotunan jaridu ba su cika nunawa ba. Mota ta uku, injiniyan kamfanin ne, Roland Kussmaul, ke tuƙa ta, kuma aikinsa shi ne ya bi bayan sauran biyu da kayan gyara, duk inda suka tsaya ya tarar da su. A bayansa kuma akwai manyan kamyo ɗauke da tayoyi da kayan inji da makanikai waɗanda ke kwana suna aiki yayin da direbobi ke barci. Motar da ta isa Dakar ba ita kaɗai ta yi tafiyar ba, gareji guda ne ke biye da ita.

Duk da haka shekara mai zuwa hamada ta karɓi nata. A 1985 Porsche ta dawo da motoci uku masu jikin sabuwar 959, babu wadda ta kai. Biyu haɗari ya tsayar da su, ta Ickx dutse ta daka, ta Metge kuwa bututun baƙin mai ne ya fashe. Bututu guda, abin da bai kai kuɗin taya ba, ya kori mutumin da ke riƙe da kambi. A 1986 suka sake dawowa da 959 cikakkiya, mai ƙarfin doki wajen 400 da tankunan lita 330, suka ratsa Nijar: Metge na ɗaya, Ickx na biyu, Kussmaul mai ɗaukar kayan gyara na 6. Daga nan kamfanin ya janye, Peugeot ta karɓi filin a 1987 da ƙaramar 205 wadda Ari Vatanen ya tuƙa.

A daidai waɗannan shekaru akwai wasu matafiya da ke bin hanyar Tamanrasset zuwa In Gezam da Assamaka ba tare da kamyo ko jirgi a bayansu ba. Samari ne ƴan Faransa da Jamus da Holand, masu son ganin duniya da ɗan kuɗi kaɗan. Su ma sun yi zaɓi, kuma mafi yawansu Peugeot 504 suka zaɓa, tsohuwa. Ba ta da gudun Porsche, ƙafafun baya kaɗai ke tura ta, amma tana da tsawo da sifirin mai laushi, tana shan kowane irin mai, kuma tun 1975 ake harhaɗa irinta a Kaduna, saboda haka babu garin da za a rasa bakaniken da ya san cikinta, ko kayanta a kasuwa. Idan ta nutse, a haƙa da shebur, a shimfiɗa faifan ƙarfe, a rage iskar taya, a tura. Idan an iso Arlit ko Agadas ko Yamai, a sayar da ita, kuɗin ya biya jirgin komawa. Da yawa daga cikin taksin daji na wancan lokaci ta haka suka shigo. Kada kuma a raina mata gudu: 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, ƙanwarta mai ƙofa biyu da inji mai silinda 6 ta sake ci a 1978. Idan akwai motar da ta haɗa nishaɗi da doguwar hanyar Afirka ba tare da gareji a baya ba, wannan mai ƙofa biyun ce ta fi kusa.

Wasan kuma ya ci rayuka. Ranar 14 ga Janairu 1986, ranar da ayarin ya tashi daga Yamai, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da Thierry Sabine ya faɗi kusa da Gurma-Rarus a ƙasar Mali, mutum 5 suka mutu, har da mawaƙi Daniel Balavoine. A gindin wata bishiya ƙwaya ɗaya a Tenere aka watsa tokar Sabine, ana kiran bishiyar da sunansa. Waɗannan sun san abin da suka fito yi. Amma akwai mutanen ƙauyukan kan hanya da ba a tambaye su ba. A 1988 wata motar tsere ta kaɗe yarinya ƴar shekara 10 a garin Kita na Mali, kuma ba ita kaɗai ba ce cikin tarihin tseren. Motar da aka yi domin fili ba kowa, idan ta ratsa gari mai yara da awaki da masu tallar goro, birkinta ba ya ramawa.

Tseren ya daɗe da barin wannan yanki. A 1997 Agadas ce wurin juyawa, aka tashi daga Dakar aka koma Dakar. A 2000, saboda barazanar hari, daga Yamai aka kwashe motocin cikin manyan jirage zuwa Libiya. A 2008 aka soke shi gaba ɗaya, ya koma Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, sannan Saudiyya tun 2020, ko da yake sunan Dakar bai canza ba.

A ƙarshen 2022 Porsche ta tuna da nasarar Metge ta fitar da wata 911 da ta sa wa suna Dakar, guda 2,500 kawai, kowace a kan kuɗin da ya haura euro 220,000 a Jamus, wato sama da sefa miliyan 144. An ɗaga ta santimita 5, direba na iya ƙara mata 3 daga inda yake zaune, an kuma taƙaita gudunta ga kilomita 240 a awa saboda tayoyinta masu kaurin fata. Wanda ya ƙara kuɗi ana ɗora masa kwando a rufi, mai ɗaukar kilo 42, wurin jarkar mai da ta ruwa da shebur da faifan fita daga rairayi, irin kayan da direbobin kamyo na tashar Agadas ke ɗaurawa a gefen motarsu kafin su nufi Dirku.