Tsare Yara da Mata Daga Fyaɗe Amana Ce a Wuyan Kowa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nufe mu da riskar wannan wata mai alfarma, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku bayin Allah, karatunmu na yau yana kan wani al'amari da kunya ta daɗe tana hana mu ambatonsa, wato fyaɗe da lalata ƙananan yara. Kunya kuwa ba ta hana neman sanin addini. Shirun da muke yi ba ya tsare ɗiyanmu, mai ɓarna kaɗai yake amfana da shi.

Mu fara da duba inda muke zaune. Assamaka ƙofar ƙasa ce, Arlit da Akokan kuma garuruwa ne da aikin uraniyom ya tara wa jama'a daga ko'ina. Tun da aka rufe mahaƙar Kominak a watan Maris na 2021, magidanta da yawa sun bar iyali sun tafi neman abinci wuraren zinariya. Ga kuma mata da yara da ke ratsa wannan hanya zuwa bara a Aljeriya, waɗansu a komo da su cikin manyan motoci, waɗansu baƙin kuma a sauke su a sahara su tako kimanin kilomita 15 kafin su iso Assamaka. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, sa'ad da aka tsinci gawawwaki 92 a arewacin Arlit, mafi yawansu mata da yara. Macen da ba ta da guzuri, ba ta da muharrami, ba ta san kowa a gari ba, ita ce azzalumi yake fara haƙo, da alkawarin masauki ko kuɗin mota. Baƙuwar nan kuwa amana ce a hannunmu kamar ɗiyar cikinmu.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. A Suratun Nur, aya ta 58, an umarce mu da koya wa yaran da ba su balaga ba neman izinin shiga ɗaki a lokatai uku: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Abu Dawuda kuma ya ruwaito umarnin raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Hikimar ita ce yaro ya tashi ya san cewa jiki yana da alfarma, al'aura kuma tana da iyaka. Yaron da ya san iyakar al'aurar wani zai san iyakar tasa.

To, me za a koya wa yaro? Uwa ta zaunar da shi, mace ko namiji, domin samari ƙanana da almajirai ma ana cutar da su. Ta gaya masa cewa wurin da wando ya rufe babu mai ikon taɓawa ko kallo, sai uwa wajen wanka ko ma'aikacin lafiya a gaban iyaye. Ta koya masa cewa idan wani ya nemi haka, ko da babba ne, ko dangi, ko malami, to ya ƙi, ya ɗaga murya, ya gudu wurin jama'a, ya zo ya faɗa. Ta nuna masa cewa duk kyautar da aka ce kada ya gaya wa inna, tarko ce. Mu kula da wannan ƙwarai, domin mun tarbiyyantar da ɗiyanmu a kan kada su yi wa babba musu, kuma da wannan ladabi ne mugu yake cin galaba a kansu. Babu ɗa'a ga mahaluki cikin saɓon Mahalicci.

Ku sani cewa galibi mai wannan ɓarna ba baƙo ba ne. Sau da yawa wanda yaron ya sani ne, ya saba da shi, iyaye ma sun amince masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan wata tsagewar tana yawaita: yarinya da tallan ƙanƙara ko ƙosai har bayan asham, aike gidan gwauraye da kwanon buɗa-baki, manya sun tafi tahajjud an bar yara su kaɗai. Idan talla ta zama dole, kada yarinya ta tafi ita kaɗai, kada ta shiga ɗakin kowa karɓar kuɗi, kuma ta komo gida da ido na ganin ido.

Idan ƙaddara ta auku, abu na farko shi ne a saurari yaron, a gaskata shi, kada a doke shi ko a zage shi. Wadda aka tilasta wa ba ta da laifi. Imamu Malik ya bayyana cikin Muwaɗɗa cewa uƙuba tana kan wanda ya yi tilas, har da biyan sadaki, ita kuwa babu komi a kanta. Abu na biyu, a gaggauta kai ta likita tun kafin a yi mata wanka ko a wanke tufafin, domin su ne shaida. Akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar sida, amma sai an fara shan sa cikin awa 72. Abu na uku, a kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda. Kundin hukunta laifuka na ƙasarmu, kamar yadda yake bayan gyaran da aka yi masa a 2003, ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga mai fyaɗe, da shekara 15 zuwa 30 idan wadda aka cuta ba ta kai shekara 13 ba.

Wani zai ce ai addini ya yi horo da rufin asiri. Gaskiya ne, amma asirin wadda aka zalunta ake rufewa, kada a yi yawo da sunanta a bakin famfo ko cikin waya. Wanda kuwa ya karɓi kuɗin sulhu ya saki mai laifi, ya miƙa masa ɗiyar maƙwabcinsa ne.

Ya ku iyaye, da limamai, da malaman makarantu, da direbobin wannan hanya, kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya warkar da waɗanda aka cuta, ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Amin.