Yadda Mikiya Mai Farin Kai Ta Tsallake Rijiya da Baya

A shekarar 1963 masana sun ƙidaya sheƙunan mikiya mai farin kai a jihohin Amurka 48 da ke haɗe da juna, suka tarar aure 417 kacal suka rage, wato namiji da tamata masu sheƙa guda. Wannan kuwa ita ce tsuntsuwar da ke jikin hatimin ƙasar tun 1782. A 2021 Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta Amurka ta bayar da rahoton cewa yawanta a waɗannan jihohi ya kai kimanin 316,700, cikinsu har da aure 71,400 masu sheƙa. Me ya kusa ƙarar da ita, kuma ta yaya ta farfaɗo? Amsar tana ƙunshe da darasi ga duk ɗalibin kimiyya.

Siffarta da Rayuwarta

A nahiyar Amurka ta Arewa kaɗai ake samun wannan mikiya. Masana na kiranta Haliaeetus leucocephalus. Jikinta ruwan ƙasa ne mai duhu, kai da wutsiya farare, baki da ƙafafu ruwan ɗorawa. Idan ta buɗe fukafukai, faɗinsu kan kai wajen mita biyu, tamata kuma ta fi namiji girma. Kifi ne babban abincinta, shi ya sa takan gina sheƙa bisa dogayen itatuwa a bakin tafki ko kogi ko teku, ko da yake tana cin agwagin ruwa da mushe.

Abin lura shi ne ba ta da saurin hayayyafa. Sai ta shekara huɗu zuwa biyar kanta ke yin fari ta isa aure. Takan saka ƙwai ɗaya zuwa uku a shekara, iyayen su yi kwanci na kwana 35. Tsuntsu irin wannan, idan ƙwansa ya daina ƙyanƙyashewa, ba a saurin ganewa, domin manyan suna nan suna shawagi alhali babu magada a bayansu.

Bindiga da Guba

Bala'in farko daga bindiga ya zo. Makiyaya da masunta sun ɗauke ta ɓarauniyar 'yan tumaki da kifi. A Alaska har lada hukuma ta riƙa biya, kuma tsakanin 1917 da 1953 an kashe fiye da 100,000. A 1940 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar hana kashe ta, amma kafin a ga amfanin dokar sai wani abokin gaba ya ɓullo.

A 1939 wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan Suwizalan, Paul Müller, ya gano cewa sinadarin DDT na kashe ƙwari, har aka ba shi lambar Nobel a 1948. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga fesa shi a gonaki da fadamu don maganin sauro da ƙwarin amfanin gona. Matsalarsa ita ce ba ya saurin ruɓewa, kuma a cikin kitse yake narkewa, saboda haka jiki ba ya fitar da shi da sauƙi. Ruwan sama ya wanke shi zuwa tafki, ƙananan halittun ruwa su sha, ƙananan kifaye su cinye su da yawa, manyan kifaye su cinye ƙananan, mikiya kuma ta cinye manyan. A kowane mataki gubar na ƙara taruwa, wanda ke can ƙololuwa shi ke kwasar kaso mafi tsoka.

A cikin jikin tsuntsuwa DDT kan rikiɗe ya zama wani sinadari mai suna DDE, wanda ke dagula aikin gaɓar da ke zuba kalsiyam a ɓawon ƙwai. Sai ɓawon ya fito da rashin kauri, uwa ta hau kwanci ya fashe a ƙarƙashinta, ko kuwa ɗan tayin ya mutu a ciki.

Yadda Aka Gano Bakin Zaren

Wani tsohon ma'aikacin banki ɗan Kanada, Charles Broley, ya fara sanya wa 'ya'yan mikiya zobe a ƙafa a jihar Florida a 1939, har ya yi wa fiye da 1,000. Da yake kowace shekara yana komawa sheƙunan da ya sani, ya ga yadda 'ya'yan ke ta raguwa, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1950 ya zargi DDT. A 1962 Rachel Carson ta wallafa littafinta Silent Spring, wanda ya farkar da jama'a game da illar magungunan ƙwari.

To amma zargi daban, hujja daban. A 1967 Derek Ratcliffe a Birtaniya ya auna ɓawon ƙwan shaho da aka adana shekara da shekaru, ya gano kaurinsa ya ragu farat ɗaya daga wajejen 1947. A 1968 Joseph Hickey da Daniel Anderson suka yi irin wannan awo a gidajen adana kayan tarihi na Amurka, suka sami abu guda a ƙwan mikiya. Tsofaffin ƙwai da aka ajiye tun kafin zuwan DDT su suka zama ma'auni.

Farfaɗowa

A 1972 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta haramta amfani da DDT a gonaki, a 1973 kuma aka kafa dokar kare halittun da ke gab da ƙarewa. Aka hana sare itatuwan da ke da sheƙa, aka killace wuraren da ke kewaye da su. A jihar New York, inda aure ɗaya tak ya rage, an fara wata dabara a 1976: a ɗauko 'ya'yan mikiya daga inda suke da yawa, galibi Alaska, a ajiye su a sheƙar da aka gina bisa hasumiya, ana ba su kifi ba tare da sun ga mutum ba, har su tashi. Da yake mikiya kan koma yankin da ta koyi tashi don yin sheƙa, sai suka zauna a can. Zuwa 1988 an saki 198 ta wannan hanya.

Sannu ba ta hana zuwa. A 1995 aka sassauta matsayinta daga mai gab da ƙarewa zuwa mai fuskantar barazana, a 2007 kuma aka cire ta daga jerin baki ɗaya, lokacin da aure ya kai 9,789. Daga haramcin DDT zuwa wannan rana shekara 35 ke nan. A Disamba 2024 aka sa hannu kan dokar da ta tabbatar da ita tsuntsuwar ƙasa a hukumance.

Sauran Rina a Kaba

Duk da haka barazana ba ta ƙare ba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022, wanda ya duba mikiyoyi 1,210 daga jihohi 38, ya nuna kusan rabinsu na ɗauke da gubar dalma a ƙashinsu. Suna samunta ne daga ɓurɓushin harsashi a cikin mushen dabbobin da mafarauta suka harbe. Murar tsuntsaye ma ta kashe da dama tun daga 2022.

Kammalawa

Dokar taruwar guba ba ta san iyakar ƙasa ba. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita amfani da DDT ga yaƙi da ƙwarin da ke yaɗa cuta, irin su sauron cizon zazzaɓi. Haka kuma Gamalin 20, da aka sha zubawa a kogunan Nijeriya don kama kifi, danginsu ɗaya da DDT, kuma mai cin kifin, tsuntsu ne ko mutum, shi ke a ƙarshen layi.

Ɗalibi ya lura cewa ceton wannan mikiya ya faro ne daga mutanen da suka yi ƙidaya, suka auna, suka rubuta abin da suka gani shekara bayan shekara. Ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta na iya soma irin wannan aiki da littafin rubutu guda: a ƙirga sheƙunan shamuwa ko ungulayen mahauta a rana ɗaya ta kowace shekara, a ajiye lissafin domin 'yan baya.