Rumbun tsimi: abin da ya kamata mu sani tun hatsi bai bar gari ba

Tunda aka fara yankan hatsi, tambaya guda ke ta dawo mana daga masu saurare, daga Gangara, Falenko, Olelewa har Tarka: shin rumbun tsimi, wanda wasu ke kira bankin cimaka, yaya yake aiki, kuma me ya sa na wasu garuruwa ya mutu? Ƴan uwanmu da ke bida a Agadas, Arlit, Tamanraset, Libiya da Kano su ma suna son sani, tunda sau da yawa su ake nema da gudummawa.

Matsalar dai kowa ya san ta. A kaka hatsi yana araha, kuma a lokacin ne bashi, biki da tufafin yara ke kan magidanci, sai ya auna ya kai kasuwar Tanut ko Bakin Birji. Ƴan kasuwa su saye, su loda motoci. Daga watan Yuni zuwa Agusta, rumbu ya yi ƙasa, hatsin nan ya dawo mana da tsada. Wanda ba shi da abin saye sai ya bar gonarsa ya tafi barema a gonar wani don ya samo tiyar yini. Gonarsa ta sha ciyawa, kaka ta zo da ɗan kaɗan, baɗi ma haka. Wani kuma ya ci bashin ɗan kasuwa a kan hatsin da bai ko fid da kai ba. Yunwar damina ke nan, kuma ita ce rumbun tsimi yake nufin karyawa.

Abin ban haushi, Damargu ƙasar hatsi ce. Tun zamanin ayari, nan Abzinawa ke saukowa su auni hatsin da suke ci a Ayar. Kakanninmu na da rumbun da ba a buɗewa sai shekara ta ɓaci. A zamanin Nasara an mai da ajiyar tilas, kowane gari da rumbunan da ba a taɓawa sai da izinin hukuma, shi ya sa har yanzu wasu tsofaffi ke jin sunan da ɗar-ɗar. Na yanzu kuwa ya yaɗu ne bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, ya kuma ƙara yawa bayan 2005, shekarar da fara da ƙarancin ruwa suka sa buhun hatsi ya haura jika 30 a wasu kasuwanni, mutane suka koma ga anza da jiga.

Tsarin ba shi da wuya. Gari ya gina mangaza, ya zaɓi kwamiti: shugaba, ma'aji, mai rubutu da mai awo. Jarin farko yakan fito daga karo-karon ƴan gari, ko daga wani furoje, ko a haɗa. A sayi hatsi a kaka, a rufe. In damina ta kama, taron gari ya yanke farashi, a buɗe a riƙa sayarwa tiya-tiya, ga ƴan gari kawai, kuma da iyakar abin da gida ɗaya zai ɗauka a mako, don kada mai kuɗi ya kwashe ya kai kasuwa.

Bari mu yi misali. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. A ce an saye shi jika 20 a kaka, damina ta zo kasuwa ta kai jika 30. Rumbu ya sayar a jika 24. Mai saye ya tsira da jika 6, bai biya kuɗin mota zuwa kasuwa ba, bai kuma rasa yinin noma ba. Jika 4 da ta hau ita za ta biya mai gadi, buhunan zuba, gyaran rufi, ragowar ta shiga jari. To, nan ne rigima take tashi. Kullum sai an samu mai cewa ai kayan taimako ne, don me za a ci riba a kanmu? Amma in aka sayar a kan yadda aka saya, ko ƙasa da haka, baɗi buhu 100 zai koma 80, shekara uku sai mangaza ta zama ɗakin ajiye buhunan wofi.

Mu a ganinmu, abin da ya fi kashe rumbunan nan shi ne bashi. Ɗan uwan shugaba ya zo, a ba shi buhu sai kaka. Wani babba ya aiko, kunya ta hana a ce a'a. Kaka ta zo, babu mai iya zuwa ƙofar surukinsa ya ce biya. Ga kuɗin ciniki da ke kwana wata huɗu a aljihun mutum guda, ba a rubuta ba, ba a ƙirga gaban jama'a ba. Wani lokacin kuma ba laifin kowa ba ne: damina ta ƙi shekara biyu a jere, hatsi ya yi tsada tun a kaka, kuɗin da ke hannu ba su mai da abin da aka fitar ba. Ko kuma rumbu ya sayi kaya da tsada, sai ga hatsin gwamnati na OPVN ya iso da rahusa, wanda ya daɗe ana sayar da shi jika 13 buhu, kayan rumbu su rasa mai saye. Wannan kam sai kwamiti ya riƙa tuntuɓar ma'aikatar magajin gari kafin ya sa ranar buɗewa.

Akwai darasi daga Agiye, a jihar Maraɗi, inda bayan 2005 aka danƙa wa mata rumbunan damina. Mace ta ranci hatsi lokacin noma, ta mayar a kaka da ɗan ƙari. Mata sun san gidan da bai ɗora tukunya ba, kuma waɗanda suka saba da asusun Mata Masu Dubara, da ya faro a Maraɗi a 1991, sun iya ƙirga kuɗi a bainar jama'a. Sai dai batun ƙarin nan, wasu malamai na ƙyamarsa, don haka garin da zai bi wannan hanya ya zauna da limaminsa tukuna.

Mu faɗi gaskiya kuma: rumbun tsimi na mai ɗan abin saye ne. Gwauruwa mai marayu, tsoho marar ɗa, makiyayin Tenhiya da dabbobinsa suka ƙare, ko an ce tiya dala ashirin ba su da ita. Su hanyarsu daban ce: zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga wanda ya kai nisabi, da rabon kyauta na gwamnati da na PAM, da aikin gina rabin-wata a fako da ake biya da kuɗi ko cimaka, da haɓɓanaye irin na Fulani, a ba mutum aron akuya ta haihu ya riƙe ƴaƴan ya mai da uwar. Gari na iya yanke cewa a ware wasu tiyoyi daga ribar rumbu don irin waɗannan gidaje, muddin a taro aka faɗi sunayen, aka rubuta.

Ku kuma da ke waje, mun san yadda tarho ke damunku a watan Yuli, kowa na cewa a turo na hatsi. Jika 50 da za ku aiko a lokacin, in da yanzu ta zo, hatsin da za ta saya ya fi yawa nesa ba kusa ba. In ƴan gari ɗaya da ke Tamanraset ko Sabha suka haɗa suka zuba a rumbun garinsu tsakanin Oktoba da Disamba, duk gari zai gani a damina. Kafin ku tura, ku tambaya buhu nawa ke cikin mangaza yau, wa da wa ke riƙe da makulli, yaushe aka yi taron lissafi na ƙarshe, da sunayen waɗanda ake bi bashi. Ku sa a ɗauko muku hoton shafin littafin a turo ta WhatsApp. In makulli ɗaya ne a hannun mutum ɗaya, ku ce a sayo kwaɗo na biyu da na uku, a raba makullan ga mutum uku, ɗaya daga ciki mace.