Ja-da-Yalo Ba Ya Wanke Ciki

Akwai wata magana da ta zauna daram a zukatan mutanenmu: wai ciki yana tara ƙwayoyin cuta, don haka lokaci-lokaci sai a sha kafso a wanke shi. A Illela ran Lahadi, idan kasuwa ta cika, mutanen Ƙonni sun tsallako, kara ta batse da shanu da raƙuma, za ka ji ana ce wa mai tallar magani, "Malam, ba ni ja-da-yalo guda biyu." Wani mura ke damunsa, wani cikinsa ne ya ɗan murɗa, wani kuwa lafiyarsa lau, a ganinsa rigakafi yake yi.

Ba na raina masu wannan ra'ayi, tsoronsu da dalili. Wanda ya ga sanƙarau na 1996, ko wanda ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017, ko ya taɓa ɗaukar mai kwalara zuwa asibiti da damina, ba sai an gaya masa bakteriya na kisa ba. Tarin fuka da taifot ma aikinta ne. Inda na saɓa da su shi ne ɗaukar kowace bakteriya a matsayin abokiyar gaba, alhali ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Bakteriya halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, sai an jera kamar dubu kafin su cika milimita guda. Ƙwayoyin jikinmu suna killace kayan gadonsu a wata cibiya, ita kuwa nata a sake suke a cikinta, sai ganuwa mai tauri da ta kewaye ta. Yaɗuwarta rabewa ce gida biyu, wasu cikin minti 20 idan sun sami abinci da ɗumi. Tun da wani ɗan Holan mai sayar da yadi, Antonie van Leeuwenhoek, ya fara hango su da madubinsa a 1676, abin da bincike ya nuna shi ne masu sa cuta 'yan tsiraru ne a cikinsu.

Sauran kuwa da su muke ci. Bafillatana takan zuba ɗan tsohon nono a cikin madara, ta rufe ƙwarya ta bar ta ta kwana. Bakteriya ta shuka ke nan, ko ba ta san sunansu ba. Su ke cinye sukarin madara su mai da shi tsami, tsamin kuma ya hana masu cuta da yawa sakewa. Daddawa ma haka: dafaffiyar kalwa ba ta yin ƙamshin nan sai bakteriya ta yi kwanaki tana aiki a kanta. Je ka gona ka tumɓuke wake, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne. A nan bakteriya ke kamo nitrojin daga iska, wato sinadarin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya. Kakanninmu da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya sun ga amfanin tun kafin a san dalilin. Bijimin da ake ciniki a kara shi ma ba ya iya narkar da harawa da kansa, ƙananan halittun da ke tumbinsa ne ke yi masa. Mutum fa? Wani ƙiyasi na 2016 ya ce baligi na ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, akasari a babban hanji, suna taya shi narkar da abinci, suna tare wa masu cuta wurin zama.

To, me kafso ke yi idan ya shiga? Dangin fenisilin ganuwar bakteriya suke rusawa, ja-da-yalo kuwa hana ta ƙera furotin yake yi. Mura aikin bairos ne, wanda ba shi da ganuwar, ba shi da maƙerar, don haka maganin ba shi da abin kamawa. Mai cewa "ai na sha kuma na ji sauƙi" bai yi ƙarya ba, sai dai mura da ma takan tafi da kanta cikin mako guda ko kwana goma. Waɗanda kafson ya samu su ne na hanji, kamar mai feshin da ya shiga gona ya kashe ciyawa da waken gaba ɗaya. Shi ya sa wasu ke kamuwa da gudawa bayan sun sha.

Babbar ɓarnar tana ga waɗanda suka tsira. Kafso guda biyun nan ba sa kashe duka, masu taurin kai ke saura, su cika wurin, har su miƙa wa wasu jinsunan sirrin jure maganin ta 'yan guntayen kayan gado. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Makiyayin da ke yi wa garke allura ba tare da malamin dabbobi ba yana ƙara wa abin ƙarfi, kuma babu kwastan da zai tsare irin wannan bakteriya tsakanin Illela da Ƙonni.

Yaron da ke gudawa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Kafso sai ma'aikacin lafiya ya ga dalili, kamar jini a bahaya ko kwalara mai tsanani. Ja-da-yalo kuwa yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba, kuma ko babba ne ya kora shi da fura da nono, sinadarin kalsiyam da ke cikin nonon zai riƙe maganin ya hana yawancinsa shiga jini.