Zakkar Birni da Mabuƙatan Daji: Dalilin Kai Rabo Randagi da Kewayenta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga cikin tambayoyin da kwamitocin masallatai suka fi yawan yi wa wannan Gidauniya akwai wannan: a kan wace hujja za a ɗauki zakkar da aka tara a Kaduna ko Zariya a kai ta ƙauyukan Birnin Gwari, alhali ga mabuƙata nan a ƙofar masallacin da aka tara ta? Tambaya ce mai kyau, kuma mai ita yana da gaskiyarsa. Saboda haka muka ga ya dace mu warware ta a cikin wannan rahoto, domin mai bayarwa ya san inda haƙƙin Allah da ya fitar ya nufa, ɗan kwamiti kuma ya samu amsar da zai bai wa jama'arsa.

Mu fara da ƙasar kanta. Birnin Gwari ita ce ƙaramar hukuma mafi faɗi a Jihar Kaduna, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 250,000. Ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. A cikinta Gandun Dajin Kamuku yake, wanda ya haɗe da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Randagi da Kakangi suna ɓangaren yamma, can inda kwalta ba ta isa yawancin ƙauyuka ba. Mazauna wannan yanki Hausawa ne manoma, da Kamukawa da Gwarawa waɗanda kaka da kakanni a nan suke, da Fulani a rugage. Ƙasa ce mai albarkar masara da dawa da shinkafa da waken soya. Shekaru masu yawa hatsinta ne ke cika kasuwannin Kaduna da Funtuwa, ma'ana mutanenta masu fitar da zakka ne tun asali.

Abin da ya juya al'amarin sananne ne. Fiye da shekara goma 'yan bindiga suna kai hare-hare daga cikin daji. A watan Mayu 2018 an kashe mutane da dama a Gwaska cikin yini guda. Satar shanu ta raba makiyayi da garkensa, ta raba manomi da shanun huɗarsa. A wurare da yawa sai da aka biya haraji kafin a shiga gona, a sake biya kafin a kwashe amfani. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta hana hawa babur, aka kuma katse layukan waya na wasu makonni domin matakan tsaro, ciniki ya ƙara tsayawa. A ƙarshen Nuwamba 2024 aka yi sulhu a ƙarƙashin Gwamna Uba Sani, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, mutane suka fara komawa gonakinsu. Sai dai wanda ya koma ya tarar da rumbu ƙone, gona ta zama saura, rijiya ta rushe, yana nan a matsayin mabuƙaci ko da bindiga ta yi shiru.

To, me shari'a ta ce? Asali a mazhabar Imamu Malik, wadda ita muke bi a wannan ƙasa, shi ne a raba zakka a wurin da ta wajaba ko kusa da shi. Malamai sun kafa hujja da umarnin da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Mu'azu ɗan Jabal da zai tura shi Yaman, cewa a karɓa daga mawadatan mutanen a mayar wa matalautansu. Ma'aunin kusa shi ne abin da bai kai nisan kasaru ba, wato mil 48, kimanin kilomita 80. Daga Kaduna zuwa garin Birnin Gwari kuwa ya kai kilomita 120, Randagi kuma tana gaba. Ashe kai zakka can ɗaukar ta ne zuwa nesa, ba makawa.

Amma hukuncin bai tsaya nan ba. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya togace hali guda: idan mutanen nesa sun fi na kusa tsananin buƙata, to mafi yawan zakkar su za a kai wa, a bar ƙaramin kaso a raba a gida. A tarihi ma haka aka yi. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya aika wa Amru ɗan Asi, aka yi ta turo abinci zuwa Madina. Abin da ya rage mana kawai shi ne tabbatar da wane ne ya fi buƙata. Talakan birni yana cikin wahala, ba mu musu. Duk da haka yana da maƙwabcin da zai ba shi kwano, da asibitin da zai taka da ƙafa, da attajirin da ke ganinsa kullum bayan sallar Azahar. Bazawarar da ke ƙauye a bayan Randagi, ita da maƙwabtanta duk an kwashe su rana guda, wanda ya saba ba ta zakkar hatsi shi ma yau nema yake.

Su wa suka cancanta a can? Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas, uku daga ciki suka fi bayyana a wannan yanki. Akwai faƙiri, wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba. Akwai miskini, wanda bai mallaki komai ba. Akwai kuma mai bashi, kuma bashi ya yi katutu a waɗannan ƙauyuka, domin iyalai da yawa sun sayar da gona sun kuma ranto kuɗi don fanso nasu. A nan akwai abin lura: mashhurin mazhaba bai yarda a biya fansar kamamme da zakka ba, kuma wannan Gidauniya ba ta yin haka. Wanda bashi ya danne bayan an gama, shi kam mabuƙaci ne a karan kansa, ana iya sauke masa nauyi. Haka nan Bafulatanin da jiya yake fitar da ɗan maraƙi a kan shanu 30, yau kuma ba shi da ko akuya, ya shiga sahun faƙirai. Zakka ba ta tambayar ƙabila, kuma rabon da ya tsallake ruga zai iya tayar da gabar da ake ƙoƙarin kwantarwa.

Daga nan sai matsalar da masu bayarwa ba su cika tunawa da ita ba, wato kuɗin kai kaya. Malamanmu sun ce ladar ɗaukar zakka zuwa nesa daga baitulmali ake biya. Idan babu, a sayar da kayan a nan a sayi irinsu a can. Wannan hukunci ya dace da halinmu ƙwarai. Ɗauko masara daga Kaduna zuwa ƙasar masara asara ce. Sayenta a kasuwar Birnin Gwari yana rage kuɗin mota, yana kuma sa kuɗi a hannun manomin yankin. Abin da ya rage na mai da babura da lebura, sadaka ta ganin dama da ribar waƙafi ne ya kamata su ɗauka, domin buhun mabuƙaci ya isa gare shi cikakke.

Waƙafi yana da wani aiki da zakka ba za ta yi ba. Zakka mallakawa ce ga mutum, ba a gina masallaci ko aji ko a haƙa rijiya da ita. Waɗannan kuwa su ne za su sa wanda ya koma gida ya zauna. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, Sayyidina Umar ya tsare gonarsa ta Haibara ya sadaukar da amfaninta. Rijiyar burtsatse guda a ƙauye tana hana mata da yara shiga daji neman ruwa. Sannan ƙofar waƙafi da sadaka a buɗe take ga maƙwabci wanda ba Musulmi ba, abin da ya dace da ƙasar da al'ummu daban-daban ke shan ruwan rafi ɗaya.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Yawancinmu a Ramadan muke fitar da zakkar dukiya, buƙatar manomi kuwa da damina take tafiya. Iri da taki sai sun isa kafin shuka. Yunwa ta fi tsanani a Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kuma a lokacin ne rafukan da ke malala zuwa Kogin Mariga ke cika su yanke hanya. Abin da za a ci a marka, tun da bazara ake kai shi.

Saboda haka muke roƙon kwamitocin masallatai abubuwa uku. Na farko, su ware kaso sananne na abin da suka tara domin ƙauyukan nesa, su bayyana wa jama'a hujjarsa daga kan mumbari. Na biyu, su buɗe asusu daban na sadaka domin kuɗin kai kaya, kada ya cakuɗu da zakka. Na uku, su yarda cewa tantance mabuƙata aikin mutanen wurin ne: limami da mai unguwa da arɗo da dattawan mata, a ƙarƙashin sanin masarautar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari II. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka kuma muna roƙon a guji shelar ranar rabo da ɗaukar hotunan masu karɓa, domin kare mutuncinsu da tsaron rayukansu.

Burinmu shi ne manomin Randagi ya sake auna wasaƙi biyar, wato sa'i 300, ya fitar da ushurinsa da hannunsa ya miƙa wa maƙwabcinsa kamar yadda iyayensa suka saba. Ranar da haka ta tabbata, zakkar Kaduna za ta zauna a Kaduna.

Allah Ya karɓa daga waɗanda suka bayar, Ya mayar musu da ninkin alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.